Sirrin kofuna biyar na Edmonton

Tun 1909 ake fafatawa a kan Kofin Grey, babban kofin ƙwallon zari-ruga irin ta Kanada. A tsawon tarihinsa ƙungiya ɗaya ce kacal ta ɗaga shi sau biyar a jere: ta birnin Edmonton da ke lardin Alberta, wadda a lokacin ake kira Eskimos, kafin a sauya mata suna zuwa Elks a 2021. Daga 1973 zuwa 1982 ta je wasan ƙarshe sau tara, ta dawo da kofi sau shida, biyar daga ciki ba tsinkewa, daga 1978 zuwa 1982. Wasa ne da rauni kan gama da gwani cikin kaka guda, taurari kuma kan tsallaka Amurka neman albashi mai tsoka. To, me ya riƙe wannan ƙungiya a sama har shekara goma?

Sunan da ake fara ambata shi ne Warren Moon. A farkon 1978 ya jagoranci Jami'ar Washington ta doke Michigan a wasan Rose Bowl, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan. Duk da haka manyan ƙungiyoyin Amurka ba su yi ɗokinsa ba, domin a zamanin da wuya su yarda baƙar fata ya zama madugu, wato mai jefa ƙwallo wanda ke tsara kowane hari. An so ya koma wani gurbi a fili, ya ƙi. Edmonton ta ce ya zo a matsayinsa. Wasan Kanada kuwa ya dace da shi: filin ya fi na Amurka tsawo da faɗi, 'yan wasa 12 ne a kowane ɓangare, kuma dama uku kawai ake da ita don cin yadi 10, ba huɗu ba, don haka dole a yawaita jifa. Ya zo a 1978, kofuna suka fara a 1978. Kamar an gama magana.

Amma lissafin shekaru bai yarda ba. Kafin Moon ya taka Alberta, ƙungiyar ta riga ta je wasan ƙarshe a 1973 da 1974 da 1975 da 1977, ta kuma ci na 1975 da maki 9 da 8 a kan Montreal. Ko a 1978 ɗin, madugun da ya ja ragama shi ne Tom Wilkinson, wanda ya zo tun 1972, kuma shi aka ba kyautar gwarzon masu kai hari a wasan ƙarshe. Ga wata shaida da ta fi wannan nauyi. A 1983 Moon ya yi kakar da ta fi kowace a zamansa na Kanada: jifansa ya zarce yadi 5,600, aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa a gasar. Amma ƙungiyar ta ci wasa 8, ta sha kashi a 8, aka fitar da ita tun a zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale. Da Moon kaɗai ne sirrin, da ba a yi haka ba.

Sai hankali ya koma kan koci Hugh Campbell. Ya karɓi aiki a 1977, ya bar shi bayan kakar 1982, kuma a duk shekaru shidan nan ƙungiyar ta je wasan ƙarshe. Wanda ya gaje shi ko kaka ɗaya bai ƙarasa ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, sai dai ita ma da saura. Sau ukun farko da aka je wasan ƙarshe, Ray Jauch ne koci. Campbell kuma ya fara ne da mummunan kaye: a 1977 filin Montreal ya daskare da ƙanƙara, 'yan Montreal suka kakkafa ƙananan wayoyin ƙarfe a ƙasan takalmansu don kada su zame, suka lallasa Edmonton 41 da 6. Sannan a 1984 Campbell da Moon sun sake haɗuwa a ƙungiyar Houston Oilers ta Amurka, nasara ta ƙi, har aka sallami Campbell kafin ƙarshen kakarsa ta biyu. Mutum biyun sun tafi da gwanintarsu, amma sun bar wani abu a Edmonton.

Wannan abin yana bayyana idan aka duba jerin sunayen 'yan wasa shekara bayan shekara. Dokar gasar ta ƙayyade yawan 'yan ƙasashen waje da ƙungiya za ta ɗauka, saboda haka wadda ta tara ƙwararrun 'yan ƙasa ita ke da gindin zama. Manaja Norm Kimball ya yi shekaru yana wannan tarin. Dave Cutler, mai bugun ƙwallo, yana nan tun 1969. Dave Fennell, haifaffen Edmonton, ya shiga a 1974, ya zama ginshiƙin masu tsaron da ake yi wa laƙabi da ɗanyen man Alberta. Ba'amurke Dan Kepley ya zo a 1975, sau uku ana zaɓarsa mai tsaron da ya fi kowa a gasar. Waɗannan duka suna nan har aka ɗaga kofi na biyar. Ƙungiyar kuma a wancan lokacin ta jama'ar gari ce, ba wani attajiri guda da zai wayi gari ya watsa ta don an sha kashi sau ɗaya. Shi ya sa kayen 1977 bai zama sanadin kora ba. An riƙe mutanen, aka ƙara musu sababbi.

Wasan ƙarshe na 1981 ya nuna yadda abin ke aiki. Edmonton ta shigo da nasara 14, kaye ɗaya, canjaras ɗaya. Ottawa kuwa wasa 5 kawai ta ci cikin 16. Kowa ya ɗauka an gama. Sai ga Ottawa ta kai maki 20 Edmonton ba ta da ko ɗaya, jifan Moon na faɗawa hannun abokan gaba. Campbell ya zaunar da shi, ya saka Wilkinson, wanda ke kakarsa ta ƙarshe. Dattijon ya kwantar da tarzoma, saurayin ya tsaya a gefe yana nazarin yadda Ottawa ke tsaro. Aka tafi hutu 20 da 1. Bayan hutu Moon ya dawo da natsuwa, masu tsaro suka toshe hanya, aka zo 23 da 23. Saura daƙiƙa uku, Cutler ya buga ƙwallo ta ratsa tsakanin sanduna: 26 da 23. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a ranar an ga hannuwan ɗaya bayan ɗaya.

Ga amsar ke nan. Edmonton ta daɗe a sama ne saboda ba ta bari na gaba ya tafi kafin na baya ya ƙware ba. Wilkinson ya yarda ya raba gurbinsa da yaron da zai gaje shi, kaka huɗu cur, ya koyar da shi maimakon ya yi masa hassada. Moon ya yi haƙurin jira. Shugabanni suka ƙi rushe gini don fushin rana ɗaya. Da wannan sarƙa ta fara tsinkewa, Wilkinson ya yi ritaya, Campbell ya tafi, ginshiƙan tsaro suka manyanta, ko gwani irin Moon bai iya riƙe ta shi kaɗai ba.

Moon ya ci gaba har a 2006 ya zama madugu baƙar fata na farko da aka saka a zauren gwarazan wasan na Amurka, kuma ya cancanta. Amma duk mai riƙe da ƙungiya da ke son irin wannan tarihi, sayen tauraro ba zai wadatar da shi ba. Sai ya samu dattijon da zai yarda ya koyar, ya kuma ba su lokacin zama tare.