Ba da Umarni a Faransanci: Ƙa'idojin da Ke Kayar da Ɗalibai

Yaron da aka kai makarantar boko a Maraɗi ko Damagaram, tun kafin ya iya haɗa jimla guda da Faransanci, ya riga ya san umarni. Malam ya ce "Levez-vous", aji ya miƙe. Ya ce "Asseyez-vous", kowa ya zauna. Wannan sigar aikatau ita ce masana nahawun Faransanci ke kira impératif. Tana da sauƙin faɗa, amma a rubuce take kayar da ɗalibai, har da waɗanda suka yi nisa a karatu.

Siga uku kacal gare ta: ta mutum ɗaya, wato tu, ta "mu", wato nous, da ta jam'i ko ta girmamawa, wato vous. Ana ɗaukar aikatau na lokacin yanzu a jefar da wakilin suna. Daga "vous finissez" sai a sami "finissez", daga "nous partons" sai "partons", ma'ana mu tafi. Bahaushe yana bambanta "ka zo" da "ki zo", Faransanci kuwa "viens" ɗaya ce ga namiji da mace.

Matsalar tana kan harafin s. Aikatau masu ƙarewa da -er, da irin su ouvrir da offrir, suna yar da s a sigar mutum ɗaya: "tu parles" ya koma "parle", "tu ouvres" ya koma "ouvre", "tu vas" ya koma "va". Kunne ba ya kama bambancin, domin dama ba a furta wannan s ɗin, shi ya sa a darasin shifta jan biron malam ke yawan sauka a nan. Sai dai harafin yana dawowa idan wakilin suna y ko en ya biyo baya, kuma a nan ana jin sa kamar z: "vas-y", "manges-en".

Aikatau huɗu ba sa bin wannan layi, haddace su ake yi: être yana ba da "sois", avoir "aie", savoir "sache", vouloir kuma "veuillez" a sigar vous.

Wakilin suna ma yana sauya mazauni. Idan umarnin aikatawa ne, yana zuwa bayan aikatau da karan ɗori a tsakani, me da te kuma su koma moi da toi: "lève-toi", "donne-le-moi". Idan hani ne, sai su koma gaba da sigarsu ta asali: "ne te lève pas", "ne me le donne pas".

Bayan ƙa'ida akwai ladabi, kuma nan ne mai koyo ya fi buƙatar kulawa. Yadda ba a ce wa dattijo "zo nan", haka ba a ce wa baƙo ko shugaba "viens". Ana cewa "venez", a ƙara da "s'il vous plaît". A wasiƙun ofis da sanarwar banki, daga Yamai har Paris, "veuillez" ce ke ɗaukar nauyin roƙo, kamar "veuillez patienter", wato a yi haƙuri a ɗan jira. A jikin alluna da takardun magani kuwa, inda ba a san wanda zai karanta ba, sau da yawa akan bar impératif a yi amfani da aikatau yadda yake a ƙamus, kamar "ne pas fumer" a inda aka hana shan taba.