Ƙwayoyin da ke yaƙi da 'yan uwansu a mafitsarar kyanwa

A gidaje da yawa na Kusa da sauran ƙauyukan Jibiya, kyanwa ce mai gadin rumbu. Ita ke korar ɓera daga gero da dawa, amma idan ta yi rashin lafiya da wuya wani ya lura. Ɗaya daga cikin cututtukan da ke kama ta shi ne ciwon mafitsara: za ka ga tana tsugunawa sau da yawa, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan, wani lokaci da jini.

Idan ƙwayar cuta ce ta jawo shi, mafi yawan lokaci bakteriyar da ake kira E. coli ce, wadda ke baro hanji ta haura ta hanyar fitsari. Maganinta antibayotik ne. Matsalar ita ce ƙwayoyin sun fara yi wa magungunan taurin kai, saboda yadda muke sayen kafso a kemis ko a tebur ba tare da ganin likita ba, mu sha, mu ɗura wa dabbobi. A 2019 kaɗai, mutane kimanin miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani. Kuma ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen kan iyaka. Wadda ke Jibiya yau tana iya kwana a Maraɗi gobe.

Shi ya sa masana suka juya ga bakteriya masu amfani, waɗanda ake kira furobayotik. Mun san su tun ba mu san sunansu ba, domin irinsu ne ke mayar da madara nono ko kindirmo. Suna cinye abincin da mugayen ke buƙata, su tare musu wurin zama, wasu ma su fitar da sinadarin da ke kashe su.

Abin mamaki, akwai ta kirki a cikin dangin E. coli ɗin kanta. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likitan Jamus, Alfred Nissle, ya samo ta daga wani soja da bai kamu da gudawar da ta addabi abokansa ba. Masu bincike a Amurka sun haɗa ta da E. coli da aka ɗebo daga kyanwoyi masu ciwon mafitsara, suka ga ta hana da yawa daga cikinsu yaɗuwa. Ashe dai ba kyanwar Lami ba ce.

Sai dai a ɗakin gwaje-gwaje aka yi wannan, ba a jikin kyanwa ba, don haka kada wani ya ɗauki ƙwaryar nono ya ce ya sami magani. Madara ma kan sa babbar kyanwa zawo. Sannan yawancin ƙananan kyanwoyi masu wahalar fitsari ba bakteriya ke damunsu ba, kumburi ne ko tsakuwa a mafitsara, kuma likitan dabbobi ne zai bambance bayan gwajin fitsari.

Abin da ke hannunmu shi ne ajiye mata ruwa mai tsabta kullum, musamman da bazara, domin kyanwa ba ta cika shan ruwa ba. Kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Muzurun da ke yunƙuri fitsari bai fita ba kuwa, a kai shi asibitin dabbobi a ranar, domin toshewar na iya halaka shi cikin kwana biyu zuwa uku.