Sinima a diflomasiyyar al'adu ta Faransa

Diflomasiyyar al'adu ita ce hanyar da Faransa ke bi wajen neman faɗa-a-ji a ƙetare ta harshe da fasaha. An kafa ƙungiyar Alliance Française a 1883 domin yaɗa Faransanci, amma fim ya fi aji saurin kaiwa ga jama'a. A 1949 aka kafa Unifrance don tallata finafinan ƙasar a waje.

Bayan 1960, gwamnatin Faransa ta ɗauki nauyin finafinan 'yan Afirka da dama, tallafin da masu suka ke cewa ya sa su dogaro da Paris. A 2024 Nijar ta cire sunan Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, daga cibiyar al'adu ta Yamai, ta sa na Moustapha Alassane, takwaransa ɗan Nijar.