Aro, Ajiya da Kyauta a Gidan Tarihi

Mu da muka fito daga Lolo, can bakin iyakar Benin a ƙasar Bagudo, mun san gidajen da ke riƙe da tsohon takobi, ko sulke, ko kundin kakanni. In aka roƙi mai gida ya kai su gidan tarihi, kamar na Kanta a Argungu, wanda aka buɗe a 1958 cikin tsohuwar fadar sarki, abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne, da wane suna za a karɓa?

Malamanmu na zaure sun karantar da mu cikin Risala bambancin abu uku. Kyauta, da zarar an karɓa, ta bar hannun mai ita. Ajiya amana ce: wanda aka bai wa ba ya mora, in kuwa ta salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Aro shi ne a ba mutum amfanin abu, amma mallaka na nan ga mai shi. A nan ne Malikawa suka tsananta. Abin da a ke iya ɓoyewa, kamar takobi ko littafi, in ya ɓata sai mai aro ya biya, sai fa in ya kawo shaidu cewa ba laifinsa ba ne. Doki ba haka ba, don ba ya shiga aljihu. To, gidan da ke baje kaya jama'a su gani mora ya ke yi, saboda haka a ganinmu aro ne, ba ajiya ba.

Kada a raina kalmar nan, ƙasashe ma a kanta su ke jayayya. A 2021 Faransa ta mayar wa maƙwabtanmu na Benin kayan sarakunan Abomey guda 26 da aka kwashe a 1892, bayan majalisarta ta yi doka ta sakar musu mallaka. Asantawan Gana kuwa, da kayan zinariyarsu 32 suka dawo daga London a 2024, aron shekara uku aka ba su, don dokar Ingila, irin ta 1963, ta hana manyan gidajen tarihinta rabuwa da kayansu. Wato jikan mai abu ya zama mai aro!

A nan gida, dokar 1979 ta lissafa aikin hannun da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana fita da shi waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Ko aro mutumin Lolo zai ba ɗan'uwansa a tsallaken iyaka, sai ya nemi takardar nan.