Kilisar Babur: Abin Da Sabon Hannu Zai Tarar A Filin Tsere

Duk wanda ya tashi a garin da ke da fada da barga, kamar Jalingo ta Sarkin Muri, ya san sukuwa daban, kilisa daban. Sukuwa gasa ce, a ga dokin wa zai riga na wani. Kilisa kuwa fita ce da la'asar sakaliya, a motsa wa doki jini, mahayi ya san halin dabbarsa, ita ma ta san nauyin hannunsa. To, masu manyan baburan nan na ƙasashen waje su ma suna da tasu kilisar. Ƙungiyarsu kan yi hayar filin tsere na yini guda, kowa ya biya kuɗinsa, ya zo da babur ɗin da yake hawa kullum, a yi ta zagaye. Babu kofi, babu na ɗaya, galibi ma ba a yarda a duba agogo a ƙidaya wa kowa lokaci ba.

Filin kwalta ce mai sulɓi da ta zagayo ta haɗe da kanta, tsawonta galibi daga kilomita biyu zuwa shida, ga miƙe, ga kwana iri-iri. A Ingila akwai Silverstone da Brands Hatch, a Afirka ta Kudu akwai Kyalami kusa da Johannesburg, a nan gida ma akwai wani a Evbuobanosa ta jihar Edo. Daɗin wurin shi ne kowa gaba ɗaya ya nufa. Ba tirelar da za ta fito maka a kwana, ba Keke Napep da zai tsaya ɗaukar fasinja ba sigina, ba akuya, ba rami. Idan mutum ya zarce, tsakuwa ce shimfiɗe a gefe ta rage masa gudu, ga motar asibiti a tsaye tun safe.

Sabon zuwa yakan ɗauka da isarsa sai murɗa totur. Ina! Ai ko ranar hawan sallah ba a sakin doki sai an duba majayi ya ɗauru, an taɓa likkafa, an ɗaga kofato. Haka za a zagaye babur ɗinka: tayar ta sha ƙasa ko da sauranta, birki na kamawa, sarƙa ba ta saki ba, baƙin mai ba ya ɗiga. Ɗigon mai a kwana shi kaɗai ya isa ya zubar da mutum biyar. Wasu filayen har ƙarar salansa suke aunawa saboda maƙwabta. Wanda bai shirya daga gida ba zai wuni a 'yan kallo, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai a ce ka cire madubi ko ka liƙe shi da salatef, fitilu ma a liƙe su don kada gilashi ya watse idan an faɗi. Maganar madubin nan takan ɗaure wa mutanen titi kai. Dalili kuwa mai sauƙi ne: na bayanka ba damuwarka ba ne. Wanda zai wuce ka, alhakin wucewa lafiya a wuyansa yake. Kai dai riƙe layinka, kada ka kauce don ka ba shi hanya, domin kaucewar bazata ita ke haɗa dawakai karo.

Tufafi kuwa, tuna da 'yan lifidi. Rigar fata ce daga wuya har idon sawu, ko riga da wando da zif ya haɗe su a ƙugu, da safar hannu ta fata, da takalmi mai rufe ƙwauri, da abin kare gadon baya. Kwalkwalinka hular kwano ce mai rufe har haɓa. A 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano, an ga 'yan acaɓa da ƙwarya a ka. Wannan dabarar ba ta wuce bakin ƙofa a filin tsere. Za ka yi gumi cikin lifidin, amma gara kwalta ta ci fatar saniya da ta ci taka.

Bayan jawabin safe, wanda dole kowa ya saurara, sai a kasa mutane gida uku: sababbin hannu, 'yan tsakiya, da gwanaye. Kowane rukuni minti ashirin yake yi a fili, ya fito ya huta minti arba'in, a haka har sau shida ko bakwai kafin yamma. Kada girman kai ya kai ka rukunin da ba naka ba. Wanda ya saba da Boxer mai inji siisii 100, ya wayi gari a kan mai 600 ko 1000, ya san linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Zagayen farko ma a bayan malami za ku yi shi, yana gaba kamar zagi, kuna biye a jere, yana nuna muku inda ake rage gudu, inda ake shiga kwana, da inda ake fita.

Magana a fili da tuta ake yi. Rawaya: akwai matsala a gaba, sassauta, kada ka wuce kowa. Ja: an dakatar, kowa ya lallaɓa ya fita. Baƙa idan an nuna maka: kai ake kira, zo mu ji. Mai rawaya da ratsin ja: kwalta na da santsi. Mai zanen dara baƙi da fari: lokaci ya cika. Idan za ka fita, ɗaga hannu tun daga nesa. Kuma ko uwar kuɗinka ce ta faɗi, ba a tsayawa a tsakiyar fili.

Abin da ake koya ba shi da yawa, amma yana da wuyar zama a jiki. Na farko, taya ma sai ta yi ɗumi take riƙe kwalta, kamar dokin da aka kwanto daga turke, ba a sa masa ƙaimi nan take. Zagaye biyu na farko a hankali. Na biyu, ido. Mahayin da ya ƙura wa rami ido, cikinsa zai faɗa. Babur inda ka duba yake bi, saboda haka dubi mafitar kwana, ba tsakuwar da kake tsoro ba. Na uku, birkin gaba, wanda da yawanmu muke gudu, shi ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Sai dai ba a fizgarsa. Doki idan ka fizge linzami tabarya zai yi da kai, babur kuma tayar gaba ce za ta zame. Matsawa ake yi kaɗan-kaɗan, a gama rage gudu kafin a kwanta cikin kwana. Sannan a saki kafaɗa, a riƙe tanki da cinyoyi yadda ake riƙe sirdi, hannu ya zama na jagora kawai.

Kada ka sa ran goga gwiwa a ƙasa irin na talabijin. Waɗancan 'yan gasar MotoGP ne, inda Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu ya kai kilomita 366 a sa'a a Mugello ta Italiya a 2023. Su tun suna yara suke kan sirdi. Kai abin da za ka samu shi ne ciwon cinya, ƙishirwa, tankin da ya ƙare da wuri, da wani dattijo a kan ƙaramin babur da zai wuce ka a kwana ko a jikinsa. Ka kuma sani inshorar titi ba ta cika biyan ɓarnar fili ba, abin da ka fasa naka ne. Sau da yawa bayan azahar ake faɗuwa, lokacin da gajiya ta zo, mutum kuma ya fara jin ya iya.

Mu a Taraba ba mu rasa mahaya ba. Wanda ke hawa dutsen Mambila daga Mayo Selbe zuwa Nguroje da Gembu, da buhuna a baya, cikin hazo da ruwan sama, ya san kwana fiye da 'yan birni da yawa. Abin da muka rasa shi ne wurin da saurayi zai yi kuskure ya tashi ya kakkaɓe jikinsa. Shi ya sa yake gwada gwanintarsa a hanyar Wukari ko ranar rakiyar amarya, tsakanin motoci da yara.

Ba sai mun gina Silverstone ba. Fili killatacce, tsofaffin tayoyi a shata kwana, tutoci biyar, ma'aikacin jinya, da gwanaye biyu masu haƙuri sun isa a fara. Ƙungiyoyin masu babura da jami'an kiyaye haɗurra na Jalingo su zauna su nemo wannan fili, ko sau ɗaya a wata. Kai kuma da ka sayi sabon babur, sayi hular kwano ta gaske kafin ka sayi salansa mai ƙara.