Saiwar jinsen: Abin da ya kamata a sani kafin a mayar da ita maganin gajiya

A kantunan magani da manyan shagunan Abuja, ba wuya a ga kwalaye masu ɗauke da hoton wata saiwa mai rassa kamar hannuwa da ƙafafun mutum, an rubuta Ginseng a jikinsu. Akwai ta a ƙwaya, a shayi, a kofin leda, har da wasu lemukan ƙara kuzari. Ma'aikacin da ya baro Mararaba ko Kubwa tun da asuba, da hadimin da ba ya tashi daga ofis sai maigidansa ya tashi, su ne irin waɗanda tallarta ke nema. Sai dai saiwar magani ce mai aiki a jiki, kuma duk abin da ke aiki a jiki yana da ƙa'idar sha.

Asalinta da ire-irenta

Jinsen ta shafe kusan shekara 2,000 a cikin littattafan maganin gargajiyar Sin, inda sunanta ke nufin saiwar mutum saboda siffarta. Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai ta Asiya, wadda ake nomawa a Koriya da arewa maso gabashin Sin, akwai kuma ta Amurka, wadda wani limamin Katolika Bafaranshe, Joseph-François Lafitau, ya gano a kusa da Montreal a 1716. A yau jihar Wisconsin ta Amurka da lardin Ontario na Kanada ne kan gaba wajen nomanta. Tsiron na daɗewa kafin ya nuna. Jar jinsen ta Koriya, wadda ake turarawa sannan a shanya, galibi sai ta shekara 6 a ƙasa.

Ba duk abin da aka laƙaba wa sunan ba ne jinsen. Wadda ake kira ta Saiberiya wani tsiro ne daban, kuma tun 2002 dokar Amurka ta hana sayar da ita da wannan suna.

Abin da bincike ya nuna

Hujja mafi ƙarfi kan gajiya ta fito ne daga masu cutar daji. A wani gwaji da asibitin Mayo na Amurka ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2013, an raba mutum 364 gida biyu. Waɗanda suka sha miligiram 2,000 na jinsen ta Amurka kullum har mako 8 sun fi samun sauƙin kasala a kan waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta. Wannan sakamako ne a kan marasa lafiya, ba a kan lafiyayyen da barci ne kawai bai ishe shi ba.

Ƙananan gwaje-gwaje a Toronto sun nuna tana ɗan rage sukarin jini bayan cin abinci. Kan ƙarfin maza kuwa, wanda shi ne babban abin da ake tallata ta da shi, bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2021 ta gano cewa tasirinta ɗan kaɗan ne ƙwarai. Haka ma wata bitar cibiyar a 2010 ba ta sami gamsasshiyar hujja cewa tana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa ba.

Inda haɗarin yake

Illar da aka fi gani ita ce rashin barci, sai ciwon kai, ɓacin ciki da bugun zuciya. Idan aka haɗa ta da kofi ko lemon ƙara kuzari, abin na iya ƙaruwa. Mutum ya sha don gajiya, dare ya yi barci ya gagara, gari ya waye ya ƙara sha.

Babban abin tsoro shi ne karonta da magungunan asibiti. Masu bincike a Jami'ar Chicago sun nuna a 2004 cewa shan jinsen ta Amurka na mako 2 ya rage ƙarfin wafarin, maganin hana daskarewar jini, a jikin waɗanda aka gwada. Ga wanda ya dogara da wannan magani saboda ciwon zuciya ko gudan jini, raguwar na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Mai ciwon sukari da ke kan insulin ko ƙwayoyi na iya fuskantar faɗuwar sukari, musamman idan ya tsallake abincin rana saboda taro ko yana azumi. Masu hawan jini su ma sai da shawarar likita. Ana ba masu juna biyu, masu shayarwa da yara shawarar su ƙaurace mata, wanda kuma za a yi wa tiyata ya daina sha aƙalla mako guda kafin ranar.

Abin da ke cikin kwali

Wata matsalar ba daga saiwar take ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sinadarin sildenafil, wanda ke cikin Viagra, a ɓoye cikin kofi da ƙwayoyin ƙarin kuzari da aka tallata a matsayin tsantsar ganye. Idan wannan sinadari ya haɗu da wasu magungunan ciwon ƙirji, jini na iya sauka farat ɗaya har ya kai ga halaka.

A Najeriya, lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya galibi shaida ce ta cewa an duba ba ya cutarwa, ba tabbacin yana warkar da abin da aka lissafa ba. Shi ya sa ake rubuta a jikin irin waɗannan kwalaye cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Wanda babu lamba ko kaɗan, ko wanda aka kawo tsaraba daga tafiya da rubutun da ba a iya karantawa, haɗarinsa ya fi yawa.

Ga lafiyayyen baligi, shan jinsen ta Asiya na ɗan lokaci, wanda bai wuce wata 6 ba, yawanci ba ya da matsala. Amma gajiyar da ta ƙi tafiya na iya zama alamar ciwon sukari, ƙarancin jini ko hawan jini, kuma awo a asibiti ne ke gano waɗannan. Duk wanda ke kan wani magani na kullum, ya riƙe kwalin jinsen ɗin ya nuna wa likita ko mai harhaɗa magunguna kafin ya fara sha.