Kuɗin iri don binciken ciwon tsufa

Dukanmu mun san tsohon da ya fara mance sunan jikokinsa, ko ya fita gida ya kasa komowa. Mukan ce tsufa ne. Sau da yawa ciwon ƙwaƙwalwa ne, wanda wani likitan Jamus, Alzheimer, ya bayyana a 1906. Har yau babu maganin da ke warkar da shi.

Neman maganin yana cin shekaru da kuɗi. Matashin masani kuwa kamar sabon manomi yake: ga ƙarfi, babu iri. Masu bada tallafi sun fi yarda da wanda ya yi suna. Shi ya sa a Amurka ƙungiyar AFAR, wadda aka kafa a 1981, take ba matasa kuɗin somawa, su gwada tunaninsu kafin su nemi babban tallafi wajen gwamnati.